Musayar Babur a Kan Tudu

Hayaƙi bai taɓa ganin babur ɗin surukinsa, mijin 'yarsa, da gashi ba. Shi nasa mai bugu biyu ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mara nauyi, mai ƙara kamar injin niƙa, kuma daga salansarsa ya samo sunan nan. Na surukin mai bugu huɗu ne, ga nauyi ga sanyin murya. Duk Asabar da suka shiga daji da abokan hawa, sai Hayaƙi ya ce wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya. Surukin malamin makaranta ne mai kunya, iyakarsa murmushi.

Ran nan suna hutawa a kan tudu, wani ya yi suɓutar baki ya ce mai bugu huɗu ya fi kama ƙasa a hawa, ga shi Malam ya riga kowa isowa. Maganar ta soki Hayaƙi. Ya ce to a yi musaya, Malam ya ɗanɗana babur na gaske a gangara.

Mai bugu huɗu, in ka saki totur a gangara, injin da kansa yake riƙe ka. Mai bugu biyu sakin ka yake yi, ya zura kamar keke, sai dai birki ya cece ka. Hayaƙi ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Gargaɗin ya zo masa har baki ya haɗiye, don so yake Malam ya ɗan rikice a yi dariya. Shi kuwa Malam ba zai iya ce wa uban matarsa a'a ba, balle ya tsare shi da tambayoyi a gaban mutane. Ya ce, "To, Baba," ya hau.

A kwanar farko ya saki totur yana jiran injin ya riƙe shi. Babur ya ƙara gudu. Ya damƙi birkin gaba a kan tsakuwa, taya ta zame, kafaɗarsa ta daki dutse. Ba wanda ya yi dariya.

A asibiti Hayaƙi ya rakuɓe bakin ƙofa, rungume da hular kwanon surukinsa da ta kwarzane. Ba karayar ce ta fi damunsa ba, zuwan Auta yake tsoro, 'yarsa matar Malam, wadda tun tana ƙarama take ganin babu abin da ubanta zai yi ba daidai ba. Ta shigo da kwandon abinci, ta duba ɗaurin, ta tambayi yadda aka yi mijinta ya hau babur ɗin da ba nasa ba.

Malam ya riga kowa magana. Ya ce shi ya nace, Baba ma har hana shi ya yi, ƙarambani ne kawai ya ja masa. Hayaƙi ya ji sanyi a ransa, nan take kuma kunyar jin sanyin ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa sai kan ledar ƙarin ruwan da ke rataye.

Auta ta buɗe kwandon. Ta zuba wa mijinta abinci, ta gyara masa matashi, ta ɗauki fulas ta fita neman ruwan zafi. Hayaƙi ya bi ta baranda yana zancen likita da hoton ƙashi. Ta tsaya ta karɓi hular daga hannunsa, ta shafa inda ta kwarzane.

"Baba, a kan babur ɗin nan ka koya min hawa. Kafin ka bar ni in tayar da shi, sai da ka sa na maimaita maka maganar gangara har na gaji." Ta ɗago ta dube shi. "Malam ma ɗan wani ne."

Ta wuce da hular, ta bar shi a baranda.