Cokalin Bahaguwa

A ƙofar filin da muke gina ƙaramin asibitin gwamnati a bayan garin Dindigul akwai wani allo shuɗi. Doka ce ta sa aka kafa shi: duk aikin gwamnati sai an rubuta abin da za a biya magini a yini da abin da za a biya lebura, kuma ɗan kwangila ba shi da ikon ragewa. Maigidanmu Dhandapani bai taɓa rage ko rupi ɗaya daga abin da ke allon nan ba, wannan kam zan ba shi shaida. Nasa wayon a rajista yake. Sai ya ɗauki magini ya rubuta shi a layin leburori, ya biya shi kuɗin lebura cif, babu mai cewa ya ci haƙƙin kowa.

Ni Alamelu lebura ce ta gaske, yashi nake tankaɗewa ina ɗauka a ka, ban da ƙorafi a kan layina. Amma Yaya Ponnuthai fa? Shekara ashirin da ɗaya tana yaɓe. A wajen mijinta ta koya lokacin da hannunsa ya fara rawa, tana yi masa aikin a bayan bango kada a sallame shi. Da ya mutu cokalin ginin ya zama nata, 'yan kwangila kuma suka gane sun tsinci dami a kala. A wurinmu mace kwano take ɗauka, namiji ne mai cokali, haka muka tarar. Saboda haka ita ke shafe bango ya yi sumul, a rajista kuwa tana dangwala yatsa kusa da nawa.

Sunan da ke layin magina na Kasinathan ne, ƙanin matar maigida. Ban taɓa ganin siminti a farcensa ba. Aikinsa shan shayi a gindin tsamiya da gadin hanya. In ya hango motar gwamnati sai ya yi fito, Yaya Ponnuthai ta sauko daga kan katako da sauri, ta cusa cokalinta cikin yashi, ta ɗora kwano a ka. Duk lokacin da na ga haka sai in ji kamar in jefe shi da bulo.

Sau ɗaya ta taɓa yi wa maigida magana.

"Maigida, kafin in tsufa in kasa hawa katako, a sa sunana a layin magina mana. Ko na aikin nan kaɗai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke Ponnuthai, mace magini? So kike a yi mini dariya a ofis? Je ki, Allah ya ba ki lada."

Ta koma bakin aikinta. Amma da rana na gan ta ta ture kwanon shinkafarta ba ta ci ba, ni ma abincin ya fita raina.

Sai bikin kayan aiki ya zo. Ran nan kowa yana wanke abin da yake cin abinci da shi, direba motarsa, tela kekensa, mu kuma shebur da kwano da cokali. A jera su kan ganyen ayaba, a kunna fitila, mai kaya ya ɗiga wa kayansa kwaɓin garin itacen sandal mai ƙamshi da jar hoda da hannunsa. Ba a ɗiga wa kayan wani a ce nawa ne. Mun tashi da jin cewa wanda ya yi ƙarya a gaban fitilar nan, hannunsa ba zai ƙara yin albarka ba. Daga nan kayan su huta, ba mai taɓa su sai washegari.

Dhandapani yana harin wata kwangilar makaranta, saboda haka ya ga ya kamata ya burge. Ya sayo furanni kwando biyu, gugguren shinkafa buhu guda, kwakwa da ayaba, ya kuma gayyato Injiniya Thenmozhi, wadda gwamnati ta ɗora a kan duba aikinmu. Da kansa ya je ya ɗauko ta a mota.

Kafin ya tafi ya ja Yaya Ponnuthai gefe. "Cokalin nan naki, yau a yashi zai kwana."

"Kullum ina ɓoye shi saboda kai, maigida," in ji ta a hankali. "Yau ranarsa ce. Ko za ka kore ni, sai ya hau ganye."

Ya duba agogo, ya yi tsaki. "To sa shi can ƙarshe, bayan shebura. Ke kuma ki tsaya cikin mata, kada in ji ko tarinki."

Injiniya ta iso, gajeruwar mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta cire takalmi ta bi jerin kayan tana kallo. A tsakiya, wurin da ya fi furanni, Kasinathan ya ajiye cokalinsa yana ta ƙyalli. Da safen nan ya sayo shi, ko takardar farashin da ke manne a ƙotar bai tuna ya ɓare ba.

"Wannan bai sha wahala ba," in ji ta.

"Sabo ne, ranki ya daɗe," Dhandapani ya yi caraf ya amsa. "Babban magininmu ne, tsohon ya cinye saboda aiki."

"Ina tsohon?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba har ƙarshen layi. Ta durƙusa gaban cokalin Yaya Ponnuthai, wanda ƙotarsa ta yi baƙi, bakinsa ya siranta kamar wuƙa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe ta shiga ɗakin da muka gama yaɓewa shekaranjiya, ta kwantar da kumatunta jikin bango tana duban yadda haske ke bin shafin. Mu dai muna tsaye muna jira.

Ta fito tana kakkaɓe hannu. "Cokalin can ta gefe ɗaya ya cinye, ba gefen da na saba gani ba. Shafin bangon ma haka ya tafi. Bahago ne ya yi aikin nan. Kasinathan, kai bahago ne?"

Ya dubi hannunsa na dama, da kofin shayi a ciki.

"Da duka biyun yake yi, ranki ya daɗe," in ji maigida. "Da na sa ya nuna miki, to amma kin san yau kaya na hutu, ba a taɓa su."

"Gaskiyarka, ba za mu karya al'ada ba." Ta ɗauko kwanon sandal ta miƙa wa Kasinathan. "Ba a ɗiga wa tsohon cokalin can ba tukuna. Tunda naka ne, zo ka ɗiga masa."

Kasinathan ya karɓi kwanon, ya taka zuwa gaban fitila, ya tsoma yatsa. Gumi ya karyo masa. Ya dubi cokalin, ya dubi wutar, ya kasa ɗigawa.

"Ɗiga mana, kai!" Dhandapani ya ce ta tsakanin haƙora.

"Mijin yaya, ka yi mini rai," Kasinathan ya ce kamar zai yi kuka. "Na yi maka fito wata takwas, amma wannan ba zan iya ba. Ina da 'ya'ya. Ba nawa ba ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "To ajiye kwanon mana, sarkin magina, mai shi na nan!"

Mata suka dare. Yaya Ponnuthai ta fito, ta gyara bakin zanenta na sari, ta durƙusa. Ta ɗiga sandal sau uku a kan ƙarfen, ta ɗora ja a kai, ta sa goshinta a ƙotar da mijinta ya bari. Hawaye na zuba a fuskarta, ita kuwa ko a jikinta. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari ita ce ranar da ake fara aiki da sa'a, babban magini ne ke yin shafin farko. Injiniya ta dawo tun da safe, wannan karon da motar ofis da wani jami'in ƙwadago. Suka tsaya Yaya Ponnuthai ta yaɓe rabin bango a gabansu. Jami'in ya ɗora dogon katakon awo a kai, ya nemi inda haske zai ratsa bai samu ba. Aka kawo rajista. Dhandapani ya soke sunan Kasinathan da hannunsa, ya rubuta na Yaya Ponnuthai, aka ce gyaran da cikon kuɗinta su koma har ranar da aka fara aikin, in ba haka ba ya manta da kwangilar makaranta.

Yaya Ponnuthai ba ta iya karatu ba. Ta jawo ni. "Alamelu, nuna mini. Wane layi?"

Na ɗora yatsanta a wurin. "Na sama, Yaya. Ke ce ta farko."

"Kin tabbata ba kusa da naki ba ne?"

"Kin bar ni a ƙasa, 'yar baƙin ciki."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun siminti.

Bayan mako biyu wata motar gwamnati ta ɓullo ta kwanar hanya. Kasinathan, wanda yanzu kwano yake ɗauka tare da mu, ya sha'afa, sai ga shi ya yi fito kamar yadda ya saba. Na ga Yaya Ponnuthai a kan katako ta zabura, ƙafarta ɗaya har ta nemi tsani, idonta na kan tulin yashi. Sai ta tsaya. Ta mayar da ƙafar, ta gyara riƙon cokalinta a hannun hagu, ta leƙo ƙasa.

"Kai Kasinathan, baƙi na zuwa su ga aiki. Miƙo siminti!"