Inna a Ɗakin Mai Kifi

Ranar da bizar Inna ta fito, ranar Yaya Babba ya fara ciwon kai. Ni ce auta a gidanmu, kuma ni aka ɗora wa haɗa akwati, don haka duk abin da ya faru a kan idona ya faru.

Yayanmu na biyu, wanda muke kira Injiniya, ya daɗe yana aiki a wata ƙasa mai sanyi. Tun da ya tafi Inna ba ta ƙara taɓa shi ba, sai dai ta shafa fuskarsa a jikin waya. To sai matarsa ta haihu, bayan an jima ana jira, ya aiko wa Inna da tikiti. Matsala ɗaya ce, tafiyar ta faɗo tsakiyar lokacin ƙanƙara.

"Ba inda za ta," in ji Yaya Babba, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. "Matar da ko fanka aka kunna sai ta nemi bargo? A bari sai sanyi ya wuce."

"In sanyi ya wuce, biza ma ta wuce," na ce.

"Ke Auta, da ke nake?"

Abin haushin shi ne Inna ta riga ta ce ba za ta taka jirgi ba sai babban ɗanta ya sake ta da zuciya ɗaya. Duk da haka ta kira ni gefe, ta ce in je in nemo kayan sanyi, a gani.

Matar Injiniya ta yi mini bayani a waya dalla-dalla. Riga mai laushi mai kama jiki daga ciki, suwaita a kanta, sai kwat guda mai kyau. Safa mai kauri, hular da ke rufe kunne, da takalmin da ba ya santsi. Magana mai sauƙi, ko? Hmm! Kafin in dawo daga wajen 'yan gwanjo labari ya zaga layinmu, kowa ya zama masanin ƙanƙara. Maƙwabciyarmu, wadda ko tashar mota ba ta taɓa wucewa ba, ta rantse cewa a can in mutum ya yi atishawa a ƙasa yake tsintar hancinsa. Ta kawo suwaitar mijinta. Mai gadin makaranta ya aiko da tsohon kwat ɗinsa na sintiri, mai nauyin katifa. Wani mai babur ya ba da safar hannunsa ta fata, har da man inji a jiki. Telan bakin titi kuwa bargo ya yanka ya ɗinka mata wando, ya ce ƙirar can ce.

Na ce, "Inna, mu mayar musu da tarkacensu."

"Mutum ya kawo maki abu don ƙauna, ki ce ba kya so? Zuba a akwati."

Na zuba. Na hau kan akwatin na zauna, na yi tsalle, zif ya ɓalle.

A haka Yaya ya shigo ya same mu. Ya dubi tulin kayan, sai na ga ya yi wani murmushi da ban yarda da shi ba. Ya ce ai ba sai an yi ta jayayya ba. Abokinsa Mai Kifi yana da ɗakin sanyi a bayan kasuwa, inda yake ajiye daskararren kifi. Inna ta sa kayanta ta shiga ta zauna har a gama sauke motar kifi. In ta jure, ta tafi. In ta fito kafin nan, zance ya mutu.

Na san lissafinsa. Yana ganin da an buɗe ƙofa iskar ta bugi fuskarta za ta ce a kai ta gida.

"Na yarda," in ji Inna.

Washegari da rana tsaka na shirya ta. Ta ce komai za a sa, kada a bar ko ɗaya. Na sa mata kayan gwanjon da na sayo, na ɗora suwaitar mijin maƙwabciya, na ɗora wata, na ja wandon bargo, sannan muka haɗu ni da Yaya muka cusa ta cikin kwat ɗin mai gadi. Da muka gama, hannuwanta suka miƙe gefe da gefe kamar mutum-mutumin gona. Ido kaɗai ake gani. A kaikaice muka shigar da ita tasi, direban na ta leƙen madubi yana tambaya ko asibiti za mu.

Shagon Mai Kifi cike yake da ƙarni da hayaniya. Ga sikeli, ga ruwa a ƙasa, ga ƙarti sanye da takalman roba suna ta jidar kwali daga mota. Mai Kifi ya gaishe da Inna, ya ara mini jaket, ya miƙa wa Yaya wata.

"Bar ta," in ji Yaya, yana daga shi sai riga shara-shara da silifa. "Ai ni kallo kawai zan yi."

Aka ja wata ƙatuwar ƙofa mai mariƙin ƙarfe. Wayyo Allah! Sanyin nan har cikin haƙorina na ji shi. Muka zaunar da Inna a kan kwali, ni da Yaya muka tsaya a kanta.

Yaya ya fara jawabi. "Kin gani ko, Inna? To wannan somin taɓi ne. A can kullum haka... ha... haka..." Sai haɓarsa ta ƙwace masa. Ya tura hannuwa a hammata, ya shiga ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ni dai na kau da kai, don in na yi dariya na san sauran.

Inna ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan wani buɗaɗɗen kwali.

"Auta, miƙo mini wancan kifin. Babban."

Na ɗauko na ɗora mata a ƙirji. Ta yi ƙoƙarin naɗe hannuwa ta riƙe shi, hannuwa suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sake yunƙuri. Kifin ya zame ta kan kwat ɗin, ya sauka tim a kan babban yatsan Yaya. Ihun da ya yi sai da masu jidar kaya suka leƙo.

Amma Inna hannuwanta kawai take kallo. Can ta ce, a hankali, "Da yaron ne fa?"

Sai a lokacin na gane abin da take gwadawa, dariyar da ke cina ta koma ciki.

"Cire mini wannan kwat ɗin."

"Inna, a nan ciki?" in ji Yaya. "So kike ki mutu?"

"Auta, cire."

Na cire. Ta gwada hannu, ta ce a cire suwaitar mijin maƙwabciya. Aka cire. Safar mai babur kuwa, Inna ta ce ba za ta taɓa jikanta da ita ba. Wandon bargo ma ya tafi, don ta ce ba ta iya haɗa cinyoyi ta yi wa yaro wurin kwanciya. Ta rage daga ita sai kayan da matar Injiniya ta faɗa. Leɓenta na rawa, ina gani. Ta ce in sake miƙo kifin.

Wannan karon ya zauna daram a hannunta. Ta tallafi kansa, ta ja gefen mayafinta ta rufe shi, ta fara jijjiga shi tana ɗan bubbuga bayansa.

Mai Kifi ya shigo da kwali a kafaɗa, ya tsaya turus. "Mama, in kin gama lallashinsa, na sayarwa ne fa."

"Yi aikinka, ɗan nan," in ji Inna.

Yaya ya daina tsalle. Ya daɗe yana kallonta, hanci na zuba. Sai ya durƙusa a gabanta a kan simintin nan mai ƙanƙara.

"Inna, wallahi tsoro nake ji," ya ce. "Baba ya tafi ya bar mu. Kada ke ma ki tafi can nesa, wata rana a kira ni a waya."

Ban taɓa jin Yaya ya ce yana tsoron wani abu ba. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da na kwana da shi.

"Ni ma tsoron nake ji," in ji Inna. "Tsoron in mutu ban ɗauki yaron nan ba. Ka san haka na riƙe ka? Kai ma kanka ƙato ne, sai da hannuna ya yi tsami." Ta juyo gare ni. "Auta, yafa masa kwat ɗin nan kafin ya zama kifi."

Na yafa masa. Ya share ido da hannun kwat ɗin, ya ce sanyi ne ke sa shi hawaye. Ba wanda ya tambaye shi.

"Ki tafi, Inna," ya ce. "Na yarda, da zuciya ɗaya. Allah ya kai ki lafiya. Amma don girman Allah mu fita daga nan."

Inna ta leƙa ta ƙofa. Motar ko rabi ba a yi ba.

"Ba a gama saukewa ba," ta ce. "Kai ka sa sharaɗi. Zauna."

Ya jawo kwali ya zauna kusa da ita, yana karkarwa, ya jingina kansa a kafaɗarta. Ita kuwa ta ci gaba da jijjiga kifinta.