Fostar Baffa Sambo

Lukuman ya juya kwamfutar ta fuskanci Baffa Sambo, ya kare hasken la'asar da tafin hannunsa, ya ja da baya yana murmushin wanda ya san ya yi aiki.

"Baffa, ga fostar fim ɗinka. Duba da kyau."

Tsohon ya matso a kan tabarma, ya ƙanƙance ido. Sa'adiyya na tsugune a gefe, ita ba hoton take kallo ba, shi take kallo. Fuskarsa ce ta cika hoton, kai ba hula, furfura a yamutse, hawaye guda ya gangaro ta gefen hanci ya maƙale a gemu. A bayansa ga turke da igiya a yashe. Can ƙasa Lukuman ya rubuta sunan fim ɗin da jan rubutu: TURKE.

"Wanga ni na?"

"Kai na, Baffa."

"Ina za a kai shi?"

"Za a buga shi babba, a manna makarantarmu can Kalgo, da tasha, da bakin kasuwa. Har nan Gwandu za mu kawo."

"Bakin kasuwa," in ji tsohon, a hankali. Ya ɗauki sandarsa ya aza a cinya, ya daɗe yana shafa ta. "To. Ran Juma'a ku dawo. In na taso masallaci da rigata, ku ɗauki wani."

Matarsa, Goggo Madina, na can bakin ɗaki tana bakacen gero. Ba ta ɗago kai ba, amma faifan ya tsaya a hannunta.

Zana ɗaya ce ta raba gidan su Sa'adiyya da na Baffa Sambo, can ƙarshen gari ta hanyar Kambaza. Da nonon shanunsa aka yaye ta. Saboda haka da aka ce kowane rukunin ɗaliban ajin ƙarshe ya yi gajeren fim a kan rayuwar mutane yadda take, ba ta sha wahalar neman labari ba, labarin yana tari a bayan zanarsu. Burtalin da shanunsa ke bi zuwa kiwo gonakin albasa sun cinye shi, garke ya yi ta raguwa, ɗansa Anas ya koma Birnin Kebbi yana haya da babur, ƙafafun tsohon kuma suka ce sun gaji. Ranar da masu saye suka zo tafiya da Wule, saniyarsa ta ƙarshe mai farin goshi, Sa'adiyya ta bi saniyar da kyamara har ta sha kwana. Lukuman, ɗan rukuninsu wanda aikinsa hotunan fosta ne, ya tsaya a baya. Da ta waiwayo ta ga abin da ke fuskar tsohon, ita ce ta ƙifta wa Lukuman ido. Shi kuma ya danna.

A motar komawa Kalgo Sa'adiyya da Lukuman suka yi ta gardama, har wata mata mai buhun kuka ta ce su yi wa Allah su bar mutane su ji da zafin motar.

"Ke, hoton nan shi na fim ɗin," in ji Lukuman. "Malam da kanshi da yag gani sai da yat tashi tsaye. Ki aza mutum cikin babbar riga, wa za ya tsaya shi duba? Cewa za a yi ai lahiya lau yake."

"Ba ka ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Bai ce a'a ba."

"Bafillace ne, Lukuman. Yaushe ka taɓa jin ya ce a'a? Wannan 'to' ɗin ita ce a'ar."

Gaskiyar magana, bakinta ne kawai ke musu. A ranta tana son hoton nan kamar me. Tun da ta fara riƙe kyamara ba ta taɓa samun abin da ya yi magana kamarsa ba, kuma ta san makin Lukuman kacokan a kan fostar yake. Ta kuma san yadda za ta ji in aka cika zauren makaranta saboda wannan fuska.

Ran Juma'a suka dawo. Baffa Sambo ya fito cikin shuɗiyar riga mai aska biyu wadda ta sha bugu, da hula a karkace, ya je ya tsaya kusa da turken nan ƙiƙam kamar an dasa shi. Sa'adiyya ta ce ya saki jiki, ya ƙara sandarewa. Ta ce ya yi murmushi, ya ce shi ba ango ba ne. Tari ya sarƙe shi, suka jira ya lafa, ya gyara wuyan riga ya koma yadda yake.

"Awa mai neman kansila," Lukuman ya raɗa mata. "Saura a rubuta sunan jam'iyya."

Ta danne dariya. Amma da suka gama, tsohon ya ce a nuna masa, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Wanga shi na Sambo."

Bai ƙara zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa ba. Ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoyewa ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ƙullin magani. Duk ƙarshen mako in Sa'adiyya ta zo gida sai ta zagaya ta gaishe shi. Takan tarar da shi kwance a kan gadon kara, Goggo Madina na zaune daga wajen ƙafafunsa ta ba shi gefe, tana dama masa kunu. Ko ƙoƙon za ta miƙa masa, idonta na ƙasa. Haka Sa'adiyya ta taso ta gan su. Ba ta taɓa jin Goggo ta kama sunansa ba, sai dai "shi" ko "mai gidan ga".

A zuwanta na ƙarshe ya sa aka ta da shi zaune.

"Sa'a, an gyara takardar?"

"Ana kai, Baffa."

Ya dube ta, irin duban da yake yi wa ɗan maraƙin da ya saci nono. Ta sunkuyar da kai, don ta san ba abin da ake kai. Fostar na nan yadda take, mai buga takardu kawai ake jira.

"Ni ban hana ku aikinku ba," ya ce. "Ku nuna shanu sun ƙare, ku nuna burtali ya tahi, duk gaskiya ta. Amma abin ga da na'urarku tag gani..." Ya nuna Goggo da haɓa. "Ko ita ba ta taɓa gani nai ba. Shi za a kai bakin kasuwa?"

Kunya ta kama Sa'adiyya har cikin ƙashi, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tashi.

Da hantsi Baffa Sambo ya cika, ranar wata Lahadi. Sa'adiyya na wanki a tsakar gida ta ji muryar Goggo Madina ta bayan zana, ba kuka ba salati da ƙarfi, kiran mahaifiyar Sa'adiyya kawai take yi.

"Hauwa, taho ki gani."

Kafin azahar an yi masa sutura. Daga cikin gida mata suka ji tafiyar maza da makara, suka ji ƙarar babur ɗin Anas da ya iso a makare ya bi su maƙabarta. Sa'adiyya ta zauna cikin mata tana amsa "ya haƙuri", idonta na kan turken da yara suka mayar wurin zama. Ta yi kuka sosai, kuma ba na rashin kawai ba ne. Mutumin ya tambaye ta abu ɗaya, ta bar shi ya tafi ba amsa.

Lukuman ya zo gaisuwa ranar sadakar uku. Da ya fito daga wurin maza ya kira ta ƙofar gida, ya ciro takardu biyu a naɗe daga jakarsa. Gwajin bugu ne, kowane hoto ɗaya.

"Ban zo gardama ba," ya ce, kuma da gaske idonsa ya yi ja. "Allah shi jiƙan Baffa. Amma ki duba, Sa'adiyya. Yanzu ba ya nan balle shi ji kunya. Kuma in mutane sunka ga hawayen ga, wata ƙila wani shi tuna da maganar burtali. Ba don maki ɗai ni ka hwaɗi ba. Mai bugu ya ce jibi za ya aza aiki."

Abin haushin shi ne maganarsa ba ƙarya a ciki. Ta karɓi takardun ta ce ya ba ta zuwa gobe.

Washegari bayan azahar, da masu gaisuwa suka ragu, ta shiga ɗakin Goggo Madina. Tsohuwar na zaune a kan tabarma cikin takaba, lulluɓe da farin mayafi, carbi a hannu. Sa'adiyya ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye. Ita kanta ta san abin da ya kawo ta: so take wani ya ce mata "je ki buga", ta samu wanda za ta jingina wa.

"Mi ag ga hannunki?" in ji Goggo.

"Hotunan Baffa ne. Ɗaya za mu manna a gari. Na ce bari in nuna miki."

Goggo ta ajiye carbi, ta goge hannuwanta a zane ko da yake ba abin da ta taɓa. Sa'adiyya ta fara warware na rigar. Tsohuwar ta duba ta gefen ido, sannan ta tuna ba mai ganinta, ta duba sosai. Sai ga ɗan murmushi.

"Hular ga dai ba ta taɓa zama daidai ba. Rigar ni na kai ta bugu da kaina." Ta kai yatsa kan turken da ke gefensa. "Ga wurin Wule."

Sai a lokacin Sa'adiyya ta lura da abin da ba su gani ba saboda dariya. Mutum ne cikin rigarsa mafi kyau, a tsaye kyam, kusa da turken da ba komai a kansa.

"Ɗayan fa?" in ji Goggo.

Sa'adiyya ta so ta ce ba shi da kyau. Amma ta riga ta kawo, ta warware.

Goggo Madina ta karɓi takardar da hannu biyu ta matsa kusa da ƙofa inda haske yake. A waje wata akuya ta ture kwano, wani ya kore ta, aka kira la'asar aka idar, ita tana nan tana kallo.

"Tun da anka kawo ni gidan ga ina yarinya," ta ce daga baya, "ban taɓa tsayawa na dubi huskatai haka ba. Ba a yi. Ran da ɗiyarmu ta fari tar rasu, kora shanu yay yi yat tahi daji, sai magariba yad dawo, ido nai a bushe. Na daɗe ina cewa cikin raina mutumen ga dutse na." Ta numfasa. "Ashe can yaka kai kukan."

"Goggo, ki yafe mini. Ni na sa aka ɗauka."

"Mi kinka yi? Kin kawo min abin da ban samu ba." Ta tura hoton rigar gaban Sa'adiyya da ɗan yatsa. "Wanga ku kai ma gari, shi sunka sani. Wanga kau nawa na."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma tambayi ra'ayin kowa ba. Sa'adiyya ta fita ƙofar gida ta kira Lukuman a waya, ta faɗa masa yadda aka yi, kalma da kalma.

"Akwai sauran shi cikin kwamfuta," ya ce.

"Na sani."

"Shi na mafi kyawun abin da nit taɓa ɗauka, Sa'adiyya."

"Na sani, Lukuman."

Ta ji ya ja dogon numfashi. "To. Bari in goge. Sai in rage shuɗin rigar ga kaɗan, turken shi hito."

Fostar da aka manna a Kalgo ba ta tsayar da mutane kamar yadda waccan za ta yi ba. Malaminsu ya tambayi ina ta farkon, Lukuman ya ce mai ita ta karɓa, bai ƙara komai ba. Wasu sun wuce ba su duba ba. A tashar Gwandu kuwa wani dattijo mai sanda ya tsaya gabanta, ya ce wa na kusa da shi, "Sambo na, Allah shi gafarta mai," suka shafa fatiha suka wuce.

Bayan an nuna fim ɗin Sa'adiyya ta dawo gida, ta ɗebi tuwo a kwano ta zagaya ta kai wa Goggo. Labulen ɗakin a ɗage yake. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta fasa.

Goggo Madina na zaune a bakin gadon kara, takardar a shimfiɗe a cinyarta. Ta naɗe bakin mayafinta a ɗan yatsa, tana share gefen hancin da ke hoton a hankali, daga ido zuwa gemu.

Sa'adiyya ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta rufe shi da faifai.