Hawayen Ɗahiru

"Iya, mi yas sa Ɗahiru ka kuka babu hawaye? Haka Zainabu tay yi kahin a ɗauke ta."

Indo ce ta yi tambayar, 'yar shekara shida, tana tsugune a bakin turmi da guntun tuwon jiya a hannu. Uwarta Atika ta dubi surukarta Inno, wadda ke zaune a inuwar rumbu tana kwaɓa garin magani a ƙoƙo, sai tsohuwar ta ce wa yarinyar ta rufe bakin nan mai kama da ƙofar zaure, ta je ta ba awaki dusa.

Kwana uku ke nan Ɗahiru, ɗan wata goma, yana zawo. Inno ta ce haƙori ne, kowane yaro a Dingyadi ya yi shi ya wuce. Ta hana a ba shi ruwa, don a cewarta ruwa ne ke ciyar da zawo, duk abin da aka zuba ta sama ta ƙasa zai fita. Nono ma sai kaɗan. Da maɗigarsa ta faɗa, tsakiyar kai ya lotsa kamar an danna da yatsa, sai ta liƙa masa kwaɓin magani a wurin don ya jawo ta sama.

Haka aka yi wa Zainabu, 'yar Atika, bazara biyu da suka wuce, har ta rasu. Atika ta bi umarni a lokacin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yanzu ta taɓa tsumman da ke ƙarƙashin yaron, ta tuna rabon da ta ga fitsarinsa tun hantsin jiya. Ta goya shi, ta ja mayafi.

Ta biya ta lambu. Mijinta Sodangi yana kan jigo yana ɗebo ruwa daga rijiyar da ta kusa ƙafewa, guga na fitowa rabi, yana juyewa a komin albasa. Ya dubi yaron, ya dubi hanyar gida inda uwarsa take, ya ce ta je amma kada ta kai la'asar. Wata akori-kura mai lodin albasa ta rage mata hanya zuwa Bodinga.

A ɗakin shan magani babu magani. Shekarar da sukari da madara da sabulu suka ɓace ce, sai an yi layi a rana kafin a samu, kwalaben da ke kan kanta duk wayam. Malama Zulai, ma'aikaciyar da aka turo daga Yabo, ta karɓi yaron da fuskar wadda ta ga irinsa goma tun safe. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta daɗe a tsaye. Ta kama hannun Atika ta ɗora a ƙirjinsa.

Zuciyar na gudu kamar ta tsuntsun da aka kama.

Zulai ta tambayi sana'ar maigidan, da ta ji, sai ta ce to ai Atika ta riga ta san ciwon. Jiki lambu ne, jini shi ne ruwan da ke zagaya komi-komi, zuciya kuma mai jigo. In rijiya ta ja baya, mai jigo sai ya ƙara sauri, don kowane guga rabi yake fitowa. Ƙoda kuwa, da ta ga ruwa ya yi kaɗan, sai ta toshe hanyar fitsari don ta tsimi abin da ya rage. Ido ya janye hawaye, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa saboda babu ruwan da zai tokare ta daga ciki. Kowace gaɓa tana rage nata don ƙwaƙwalwa da zuciya su samu. Amma tsimi yana da iyaka.

"Ba kai ne ya lalace ba, 'yar uwa. Rijiya ce ta ƙafe. Ke kin taɓa ganin an shafa wa albasa laka a ganye ta tashi?"

Da Zulai ta ce maganin shi ne ruwan gishiri da sukari, Atika ta ce ba su da sukari, rabonsu da shi tun Sallah. Zulai ta ce ita ma haka. Ta dama kunun gero tsararo da tafasasshen ruwa, ta sa gishiri ɗan abin da yatsu uku za su tsinta a kwano guda, ta ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Gero zai ja ruwan ya ratsa hanji, gishiri ya riƙe shi a jini. Cokali ɗaya, a jira, a ƙara. In ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Nono kuma duk sanda ya nema. In ya kasa haɗiya, ko sanda za ta dafa ta kai shi Sakkwato.

Da azahar Atika ta iso gida. Ta hura wuta, ta dama. Inno na ganin cokali ta miƙe, ta ce ita ta raini tara, wace ce wata malamar asibiti da ko goyon kirki ba ta iya ba.

Atika ta durƙusa kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa, cokalin bai bar hannunta ba.

"Inno, ki yi mani gahwara. Maganinki na nan bisa kai nai, ban taɓa ba, ba ni taɓawa. Amma ruwa, sai na ba shi. Na Zainabu na bi. Wanga ki bar mani."

Tsohuwar ta koma inuwar rumbu ta juya baya.

Cokali, jira, cokali. Ya amayar sau biyu. Zawon bai tsaya ba, duk sanda ya zubo Atika ta ji kamar Inno ce ke da gaskiya, sai ta tuna gugan Sodangi ta sake cika cokali. Ba ta ci komai ba. Indo ta gaji da ƙirga mata cokula ta tafi wasa.

Bayan la'asar wuyanta ya ƙage, hannu ya ƙi ɗaguwa. Inno ta zo ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya, wai don ta duba maganinta. Can sai ta ɗaga zanenta. Ya jiƙe. Fitsari ne, kaɗan, ja kamar ruwan goro, amma fitsari.

"Kin gani? Ja'irin miji na, a zanen Juma'a. Na ce maki kwaɓin nan ba ya ƙarya."

Atika ta ce haka ne, Inno. Ba ta da ƙarfin gardama, kuma ba ta bukatarta. Ta miƙa wa tsohuwar kwanon da cokalin, ta jingina da bango. Inno ta ɗiba ta kai bakin yaron. Da ya ƙi, ya tsala kuka, wani ɗan danshi ya taru a gefen idonsa.

Kai mai karatu, ke mai goyo, in yaro na zawo ya daina fitsari, yana kuka ido a bushe, kada ku jira haƙori ya fito, kada ku saurari mai cewa a hana shi ruwa ko da ita ta haife ku. Ku ba shi ya sha tun yana iya haɗiya, in ya kasa ku ɗauke shi ku kama hanyar asibiti a ranar.