Ramin Wuyan Labiba

Jikata Labiba, 'yar Sakinatou, tana da wani ɗan rami a gefen wuya, bai fi bakin allura ba. Mun lura da shi ne kwana biyu bayan suna, bayan Yaƙubu wanzami ya yi mata aski ya cire mata beli. Wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa yake tsattsafowa, a goge ya dawo. Ni kuwa na ɗan raɗa wa matan layinmu cewa askar Yaƙubu ce ta zarce. Mutum biyu kacal na gaya wa, ko uku. Shekara huɗu ke nan babu mai kiransa askin suna a nan Zongo, daga unguwar Zogbo ake ɗauko wani.

Watan jiya wurin ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi. Muka hau zem, wato acaɓa, zuwa asibiti. Likitar Faransanci take yi, Sakinatou na juya mini. Likitar ta matsa wurin, ruwa ya fito, sai ta shiga tambaya. Yana kumbura in tana mura? Ruwan na ƙaruwa in tana cin abinci? Tana ji sosai?

Na ce, "Gaya mata wuya muka kawo, ba kunne ba."

Aka shafa mata wani mai, aka yi hoton da suke kira eko a wuya, aka kuma yi a ƙoda. Me ya haɗa ƙoda da wuya, har yau ban gane ba.

Sakinatou ta ce, "Inna, wai wata 'yar hanya ce daga fata zuwa maƙogwaro, ba ta rufe ba tun tana ciki. In kumburin ya sauka za su zuba magani mai nunawa a hoto su ga tsawonta, sannan a yi aiki."

"Askar fa?"

"Ta ce babu ruwan aska. Da shi aka haife ta."

Likitar ta sake magana, ta matso ta ɗaga kallabina, ta dangwala gaban kunnena.

Na ce, "Wannan ɗan ramin ai tun ina goye yake. Uwata ta ce alamar kyau ce."

"Ta ce danginsa ne, Inna. Wai ana gadonsa."

Na gyara kallabina, muka kama hanyar gida.

Washegari na bi gida gida ina warware maganar askar, ina nuna kunnena. Bayanin ya cakuɗe mini, yanzu rabin layin cewa suke ƙodar yarinyar ce ta hau wuya. Amma sunan Yaƙubu ya fita daga zargi. Da Ummu Salama maƙwabciyata ta haihu, ni da ƙafata na je kiransa.

Ya zo ya yi askin tsaf. Da na miƙa masa goro bai ɗago ba, ya ce, "Ajiye a tabarma, Hajiya."