Madubin Malam Ramalan

"Ka gan ta?" in ji Malam Ramalan daga kwance.

Muntari ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe gwiwar wandonsa. Kwana uku ke nan, da an idar da magariba sai ya hau soron maƙwabcin nasa, ya kafa madubin hangen nesa, ya yi ta lalube a yamma. Shi tela ne, kafar allura ya sani. Malam kuwa shekara talatin ya yi yana koyar da labarin ƙasa a Rano, kuma tun da ya ji an gano sabuwar tauraruwa mai wutsiya yake ɗokin fitowarta. Da ta tashi fitowa, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa.

Yau ma gajimare kawai Muntari ya gani. Ya dubi yadda ƙirjin tsohon yake hawa da sauka.

"Na gan ta, Malam."

"Ina wutsiyar ta kalla?"

"Sama." Haka ya ji an faɗa a rediyo.

Malam ya lumshe ido, har Muntari ya zaci barci ne ya ɗauke shi.

"Madubin nan a kife yake nuna abu, Muntari. Da ka gan ta, ƙasa za ka ce." Ya ja numfashi. "Allah ya yi maka albarka. Gobe ka ɗan karkata hagu, saitin tsamiyar gidan Shitu."

Washegari da hantsi Dije, matar Malam, ta aika a kira Muntari, Malam ya cika. Shi ya riƙa zuba ruwa wajen wanka, da shi aka kama makara. Ana ta "Allah ya jiƙansa", yana ta amin. Ya nemi kuka a ransa bai samu ba, ko kunyar jiya ma ya neme ta ya rasa.

Bayan magariba ya yi sallama daga zaure.

"Inna, in hau?"

"Hau mana," in ji Dije. "Madubin yana nan inda ka bar shi."

Gari ya yi wasai. Ya karkata hagu, saitin tsamiyar, ya sa ido. Ga ta nan, 'yar fara, kamar audugar da aka ja da yatsa, wutsiyarta tana kallon ƙasa.

Ya ɗago, ya juya wajen ɗakin Malam, bakinsa a buɗe. A tsakar gida mata 'yan zaman makoki suna ta naɗe tabarmi.