Babban Yatsan Anti Batir

A ɗakin gwaji na hawa na biyu, can ƙarshen baranda inda famfo ke ɗiga tun wasu ma'aikatan suna goye, akwai wata mata da kowa ke kira Anti Batir. Shekara goma sha tara tana zaune gaban na'urar ba da wuta, wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya da waya ja da baƙa. Duk minti goma sha biyar sai ta murɗa, ta ƙara wa batir wuta kaɗan, ta duba lamba, ta rubuta. Daga tara na safe har huɗu na yamma. Ko bayan gida sai ta shawarci agogo take zuwa.

Ranar Litinin Auta ya bugo waya. Ƙanenta ne, ita ta goye shi, ita ta yaye shi bayan rasuwar uwarsu. Yana girki a jirgin ruwa na dakon kaya, shekara bakwai ba ta sa shi a ido ba. Ya ce jirginsu zai tsaya a tashar garin da take ranar Alhamis, daga goma na safe zuwa uku, daga nan kuma sai inda ruwa ya kai su.

Ta je ta sami Oga. Oga ya taya ta murna sosai, har da tashi tsaye, sannan ya tuna mata cewa gwajin da aka fara na kwana goma ne, in aka tsallake yini ɗaya sai a koma farko, masu batiran kuma ba dangin haƙuri ba ne. Ta ce to a ba Dogo ya zauna mata. Oga ya girgiza kai. Dogo mutumin kwamfuta ne, magidanci mai 'ya'ya uku da sanƙo, amma in ya sa ido a gilashin kwamfuta ko gini ya faɗo ba zai ji ba. Sau ɗaya aka taɓa bar masa batir, har yau baƙin hayaƙin yana nan a silin.

"In kwamfuta za ta iya murɗawa, ki tafi," in ji Oga. Ya faɗa ne irin yadda ake ce wa yaro in ka taɓo wata za a saya maka keke.

Dogo kuwa da ya ji sai ya hau murza hannu. Ya ce ai abin da ake bukata direba ne. Ba mai tuƙi ba, wani rubutu ne da ake zuba wa kwamfuta ya zama tafinta tsakaninta da na'ura. Suka tono kwalin na'urar a ƙarƙashin kabad, suka sami faifan da ta zo da shi. Kwamfuta ta haɗiye faifan, ta yi gurnani, ta tofo shi. Dogo ya ce direban ya girmi kwamfutar da kaka biyu, ba sa jin yaren juna, masu ƙera na'urar kuma sun daɗe da rufe shago. Shi zai rubuta sabo da hannunsa.

Littafin na'urar yana nan, sai dai wani bawan Allah ya taɓa ɗora masa kofin shayi, shafukan tsakiya sun manne kamar 'yan biyu. Dogo ya ce ba komai, na gaba da na baya sun isa.

Da yake na'urar tana bakin aiki da rana, sai da sassafe da kuma bayan huɗu suke samunta. Talata da yamma Dogo ya soka waya a bayanta, ya aika mata tambaya: wace ce ke? Shiru. Ya rage saurin maganar, ya sake. Sai ga layi ɗaya ya fito a gilashi, sunanta da lambarta.

Anti Batir ta dafe ƙirji. Shekara goma sha tara suna zaune tare, ashe munafukar tana magana.

Daga nan Dogo ya gyara zama, ya ce Anti ta faɗa masa duk abin da take yi, kada ta bar ko tari. Ta lissafa masa tiryan-tiryan: ta sa iyakar da wuta ba za ta wuce ba, ta murɗa zuwa lambar farko, ta jira, ta duba, ta rubuta, ta ƙara. Ya tambaye ta ko shi ke nan. Ta ce tana wannan aikin tun yana da gashi.

Laraba da sassafe suka ɗaura wani tsohon batir na gwaji. Dogo ya danna, lambobi suka fara hawa a fuskar na'ura su kaɗai, babu hannun kowa. Anti ta yi 'yar rawa daga zaune, kafaɗa kawai, saboda gwiwa. Har ta fara tunanin zanen da za ta ɗaura. Sai ta kai hannu ta taɓa batir, ta ji shi sanyi ƙalau. Aka sa mita, babu ko ɗigon wuta. Na'ura tana ta faɗin lambobi kamar mai alkawari, ba ta ba da komai.

Yinin nan Anti ta ci gaba da murɗe-murɗenta da hannu. Dogo ya canja waya, ya canja rami, ya karanta rubutunsa daga sama zuwa ƙasa har idonsa ya yi ja. Maigidanta ya bugo yana tambaya ko ya goge mata takalmin fita, ta ce ya bari tukuna.

Wajen ƙarfe uku Dogo ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya ce ba zai yi magana ba, kallo kawai zai yi. Lokaci ya yi, ta dafa akwatin da hannun hagu, ta murɗa da na dama, ta rubuta. Bai ga komai ba. A karo na biyu ya rufe ido, sai ya ji wani ɗan ƙyas kafin ta murɗa, da wani ƙyas bayan ta gama.

"Anti, me kika danna?"

"Ban danna komai ba."

"Na ji ƙara."

"To gwiwata ce."

Bai yi musu ba, ya san ba a cin Anti da baki. Da ta juya shan ruwa, ya leƙa gefen akwatin inda take dafawa. Ga wani ɗan maɓalli, rubutunsa ya goge, ya yi sumul kamar goshin jariri. Ya shafa masa tawadar hatimi ya koma ya zauna kamar na Allah. Minti goma sha biyar suka cika, ta dafa, ta murɗa, ta rubuta. Ya ce ta nuna masa hannu.

Babban yatsanta shuɗi shar.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Maɓallin da ke tsare wuta da sakinta ke nan. Yatsan ne ke kashewa kafin ta murɗa, ya kunna in ta gama, shekara da shekaru, bai taɓa neman izininta ba.

"Kai kuma," ta ce wa yatsan, "da ake tambaya ina bakinka yake?"

Dariya ta kama Dogo har sai da ya riƙe tebur. Suka kunna butar shayi, suka kara littafin a tururi, shafukan suka saki juna a hankali. Ga kalmar sakin wuta nan kwance a tsakiya, da zoben kofi kewaye da ita. Layi biyu Dogo ya ƙara a rubutunsa. Bayan huɗu suka ɗaura tsohon batir, allurar mita ta ɗaga, batir ya ɗau ɗumi. Anti ta sa ya ƙara cewa in zafi ya yi yawa a kashe komai, don ta san wanda za ta bar wa ɗakin. Aka kira Oga, ya zo ya tsaya hannu a baya har wuta ta yi hawa uku, ya taɓa batir, ya taɓa kwamfuta, ya ce dama shi ya kawo shawarar.

Alhamis ta zo da kwalliyarta, ta tsaya ta ga hawan farko da na biyu. Daidai, ko kuskuren gashi babu. Abin ya ɗan sosa mata rai, ta ce wa kwamfutar kada ta sake ta saba. Dogo ne ya miƙa mata jaka ya tura ta waje.

A tashar jirgi ta yi ta leƙen siririn yaron da ta sani, har ta wuce wani ƙaton mutum mai tumbi da furfura a gemu. Sai ta ji an ce, "Yaya, ni ne fa."

Ta juyo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka cinye mini ƙane?"

Ya ɗaga ta sama cak, tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya sauke ta mutane na kallo. Suka sami benci a inuwa, ta buɗe kwanon da ta zo da shi, mai girkin jirgi guda ya cinye tas har da suɗe hannu. Yana cikin ba ta labarin wata guguwa barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗarta, da minshari. Awa biyar gare su, ya cinye ɗaya da rabi a haka. Kafaɗar ta yi tsami, amma ba ta motsa ba.